Kada Keken Ɗinkin Kaka Ya Mutu Tare Da Ita

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi ta'aziyyar kakarmu, wadda Allah ya yi wa rasuwa a birnin Kano bayan ta shafe mafi yawan shekarunta tana ɗinki a cikin gida. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta. Ba zan kama sunanta ba, domin irinta suna da yawa. Da wuya ka sami unguwa a Kano ko Zariya ko Katsina ko Damagaram da babu tsohuwar da ake aiken yara wurinta da atamfa a hannu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ke biyo bayan rasuwarsu. Ana gama zaman makoki sai keken ya koma bayan ƙofa, a yafa masa tsohon zani, damina biyu ta wuce ya yi tsatsa, daga nan 'yan gwangwan su saye shi a kan kilo. Ilimin mai keken kuwa tun ranar jana'iza ya tafi. Shi ya sa nake so in rubuta abin da ta sani, domin na tabbata a gidaje da dama akwai keke a ajiye da yarinyar da za ta iya ci da shi.

Ba ta da shago, ba ta da allon talla. Kayan aikinta baƙin keke ne, da almakashi biyu, da gwangwanin allurai da maɓallai, da dutsen guga na gawayi. Almakashi ɗaya na yadi ne kaɗai, ba ya taɓa takarda ko leda, domin takarda tana dakusar da kaifi, kuma almakashin da ya dakushe taunar yadi yake yi, layin yanka ya karkace. Wajen shata layi tana amfani da alli, a kan yadi mai duhu kuma guntun sabulun da ya sirance, wanda layinsa ya fi na alli siranta kuma wanki ɗaya ke fitar da shi. Da waɗannan ta ɗinka riga da zani, fatari, shimi, rigunan jarirai na ranar suna, kayan makaranta, zanin gado, rigar matashi da labule. Likkafani kuwa da allurar hannu take haɗa shi, kuma ba ta taɓa karɓar ko kwabo a kansa ba.

Matan da take yi wa ɗinki yawancinsu na kulle ne, ba sa zuwa a auna su. Tsohuwar riga ake aikowa. Sai ta shimfiɗa ta a kan tabarma ta auna da taƙi da kamu, kamu biyu kusan yadi ɗaya ke nan. Amma ba awon kaɗai take dubawa ba, tana karanta rigar. Idan ɗinkin ƙarƙashin hammata ya ɓarke, rigar ta matse mai ita a ƙirji, sai a ƙara. Idan wuyan ya saki ya yi leɓe, tun farko an yanke shi da faɗi. Idan bayan rigar ya fi gaban koɗewa a wajen ƙugu, mai goyo ce, to a rage mata ado a baya, a ƙarfafa kafaɗa. Tef ba ya gaya wa tela waɗannan.

Turmin atamfa yadi shida ne, rabonsa kuma shi ne darasin farko. Zani ake fara cirewa, yadi biyu, tun kafin a taɓa komai, saboda riga tana karɓar dabara amma zani idan ya gaza ya gaza. Mace mai jiki a ba ta biyu da rabi, in ba haka ba zai riƙa buɗewa idan ta yi taku. Riga ta ɗauki yadi biyu, ɗankwali kamar ɗaya, abin da ya rage ya shiga hannu ko rigar ƙaramar yarinya. Bakin zani biyu da almakashi ya yanka su kaɗai ake yi wa kalmasa, a naɗe sau biyu, rabin inci kowane naɗi. Gefen masaƙa ba ya zarewa, ba a taɓa shi. Faɗin atamfa bai cika wuce inci 45 zuwa 47 ba, don haka doguwar mace tana bukatar ƙari, kuma a sama ake sa shi, inda za a soke a ƙugu riga ta rufe.

Inda sababbin teloli suka fi faɗawa shi ne zanen atamfa. Atamfa mai tsuntsaye ko fure ko fitila tana da sama da ƙasa. Idan aka ninka yadin a kafaɗa aka yanke riga a jere ɗaya, gaba zai fito daidai, baya kuma tsuntsayen su koma kai ƙasa. Maganinsa a raba gaba da baya a kafaɗa, a juya bayan, a sake haɗawa. Inci ɗaya kacal ake asara. Haka kuma kafin a sa almakashi a nemo furen da zai zauna a tsakiyar ƙirji, a ninka yadin a kansa, kada ya faɗa gefe ɗaya kamar an yi tuntuɓe.

Wuya shi ne fuskar riga, kuma ana iya ƙara masa amma ba a iya rage shi. Sai a ninka rigar gida huɗu, a auna inci uku daga tsakiya zuwa kafaɗa, a fara yanke zurfin baya, wanda bai wuce inci ɗaya da rabi zuwa biyu ba, sannan a buɗe a zurfafa gaba shi kaɗai. Wanda ya yanke su tare da zurfin gaba ya ɓata bayan, rigar za ta riƙa zamewa daga kafaɗa har ta tsufa. Da zarar an yanke, a bi bakin wuyan da ɗinki layi ɗaya tun kafin a ɗaga rigar, domin yankan ya ratsa zaren saƙa a karkace, yana miƙewa da ɗan ja kaɗan. Daga nan a yanko shafi mai siffar wuyan, faɗin inci biyu, a ɗora fuska da fuska a ɗinke, a tsattsaga bakin ɗinkin da kan almakashi ba tare da an taɓa zaren ba, a juya ciki a goge. Idan aka manta tsattsagawar nan wuyan ba zai taɓa kwanciya ba, ko da an kwana ana guga.

A gefen riga tana barin inci ɗaya cur a ciki. Jikin mace yana sauyawa, yau ciki gobe jego, kuma rigar da aka bar mata wurin buɗawa tana kai shekaru ana sawa. Kayan yara tana yi musu kalmasa mai zurfin inci uku, baɗi a warware a sake. A hammata tana sa ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, inci huɗu kowane gefe, shi ke ɗauke jan da hannu ke yi idan ana daka ko ɗaukar tulu. Ba ta da injin da ke saƙe bakin yadi, don haka yadi mai zarewa ɗinki biyu take yi masa: ta fara ɗinkewa ta fuskar waje dab da baki, ta rage gashin da almakashi, ta juya, ta sake ɗinkewa ta ciki yadda bakin zai shige tsakani. Irin wannan ɗinki yadin kan mutu ya bar shi.

Guga kuwa tare da ɗinki take tafiya, ba a jira sai an gama. Kowane layi a buɗe shi a goge kafin wani layin ya ratsa shi. Dutsen gawayi a jira sai garwashin ya yi ja hayaƙi ya ɗauke, a hure tokar nesa da kaya, a share gindinsa, a gwada a kan ƙyalle. Atamfa ta bayanta ake gogewa. Shadda mai ƙyalli ba a yayyafa mata ruwa, kuma ramin allura ba ya ɓacewa a jikinta, saboda haka ba a koyon ɗinki a kanta. Duk inda aka farke sai ya nuna.

Yadin ma ya sauya a hannunta. Ta fara aiki lokacin da masaƙun Kaduna ke kan ganiyarsu, tun daga Kaduna Textiles da ta fara aiki a 1957, ta kuma ga rufewarsu, har da ta babbar masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) a 2007. Yau yawancin abin da ke Kantin Kwari daga Sin yake zuwa, wani auduga ne, wani gauraye da roba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a zaro zare kaɗan a kusantar da ashana. Auduga tana ci ta bar toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda, roba kuma tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri. Mai roba ba ya son dutse mai zafi sosai, yana kuma tattarewa a ƙarƙashin allura idan ba a sassauta zare ba. Na auduga zalla, musamman farin yadin makaranta da akoko, a jiƙa shi a shanya kafin a yanka, don yana shiga a wankin farko.

Akwai abu biyu a halinta da nake so telolinmu su ji. Duk ƙyallen da ya rage, ko tafin hannu ne, tana naɗe shi a cikin ɗinkin ta mayar wa mai kaya, sai in an ce ta riƙe. Sannan azumi na raba tsakiya take daina karɓar ɗinkin Sallah, komai kusancin mai kawowa. Ta san abin da hannunta ke iya gamawa a yini, ta lissafa kwanakin da suka rage, ta ware na rashin lafiya da na baƙi. Rigimar da ake yi kowace shekara a daren Sallah tsakanin teloli da masu kaya, har a kai ga hukuma, rashin wannan lissafi ne da kwaɗayin kuɗin kafin alƙalami. Yaron da ya wayi gari ranar Idi babu sabuwar riga ba ya manta telan da ya yi masa haka.

Yanzu ga keken. Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka a 1851, kuma da yawa daga cikin tsofaffin Singer da suka shigo ƙasashenmu a masana'antar kamfanin ta Clydebank da ke Sikotland aka ƙera su, wadda aka rufe a 1980. Baƙin Butterfly da ya cika gidajenmu daga baya ɗan Shanghai ne, an yi shi a kan tsarin Singer mai lamba 15. Amfanin sanin haka shi ne da yawa daga kayan gyaran Butterfly da na Singer mai lamba 15 suna shiga juna, kuma har gobe ana samunsu a kasuwa da araha. Jikinsu ƙarfe ne, babu roba a cikin haƙoransu, babu ruwansu da ɗauke wuta. Irin wannan keke da wuya ya mutu. Yawanci ƙishin mai ne da datti ke kama shi.

Wanda ya gaji keken da ya daɗe a ajiye kada ya murɗa shi da ƙarfi. A cire allura, a kwance farantin da ke ƙarƙashinta, a fitar da ƙoshiya, wato gidan zaren ƙasa, da kwarkwaron da ke cikinta, wanda telolin yanzu ke kira rila. Da tsohon buroshin haƙori a share audugar da ta daskare tsakanin haƙoran da ke jan yadi da kewayen mazaunin ƙoshiya. Sai a ɗiga kananzir a kowane ramin mai da kowace gaɓa mai motsi, sama da ƙasa, a bar shi ya kwana. Washegari a riƙa girgiza ƙafar juyawa, wato zagayayyen ƙarfen da ke gefen dama da ake juyawa da hannu, a hankali, gaba kaɗan baya kaɗan, har ta saki. A goge baƙin ruwan da ya fito, sannan a sa man keke, ɗigo ɗaya a kowane wuri. Kananzir wanki yake yi, ba ya maye gurbin mai. Kada a kuskura a sa man gyaɗa ko man ja ko baƙin mai. Suna daskarewa su zama danƙo, su kama ƙurar hunturu, kuma su ne suka kashe kekuna da yawa. Jikin keken ma da ƙyalle da ɗan man keke ake goge shi, domin omo da soson ƙarfe suna cinye zanen ruwan gwal ɗin. Bayan sa mai a yi ɗinki a kan tsumma har ya daina baƙi kafin a ɗora kayan mutane.

Na ƙafa idan igiyar fatarsa ta saki, a buɗe ƙarfen da ya haɗa bakinta, a yanke rabin inci, a huda sabon rami da ƙusa, a mayar. Kaɗan-kaɗan ake ragewa, don idan ta yi tsauri keken zai yi nauyi a ƙafa. Ƙaramar robar da ke juya wurin naɗa zare idan ta tsage sauya ta ake yi, kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba.

Allura ita ce rabin matsalar keke. Ta keken gida ƙugunta, wato kaurin samanta da ake ɗaurewa a keke, yana da gefe ɗaya shafaffe. Ta babban injin shago ƙugunta zagaye ne, kuma mutane kan sayo ta bisa kuskure su yi ta mamakin yadda keke ke tsallake ɗinki. A galibin baƙaƙen Butterfly shafaffen gefen yana kallon dama, a tura allurar sama har ta tokare kafin a ɗaure, zare kuma ya shiga daga hagu zuwa dama. Wasu tsofaffin Singer akasin haka ne, don haka a lura: zare kullum ta ɓangaren dogon kwarin da ke jikin allura yake shiga. Lamba 11 ta boyel da siraran yadi ce, 14 ta atamfa, 16 ta shadda mai kauri da kaki, 18 ta jins da labule mai nauyi. A atamfa ɗinki goma zuwa sha biyu a inci ɗaya ya isa. Allurar da ta fara ƙara tana bugun yadi ta dakushe, a jefar da ita a inda yara ba za su taka ba.

Idan zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, kowa sai ya kama ƙoshiya da kwancewa, alhali laifin na zaren sama ne. Ko dai an zura shi ƙafar danne yadi tana ƙasa, bai shiga tsakanin faifan da ke matse shi ba, ko an tsallake hannun da ke ɗaga zare. A ɗaga ƙafar a sake zurawa daga farko. Idan kuma zaren ƙasa ke leƙowa a sama, ko yadin yana tattarewa, na sama ya yi tsauri, a sassauta. Ƙoshiya gwajinta ɗaya ne: a riƙe bakin zaren a bar ta tana lilo, a ɗan girgiza hannu. Idan ta sauka kaɗan ta tsaya, daidai take. Idan ta zube ƙasa a ɗaure ɗan sukurun da ke jikinta, idan ta ƙi motsi a sassauta shi, kuma kwata ɗin juyi ya isa a kowane gwaji; a yi aikin a kan faranti don sukurun idan ya faɗi ba a ganinsa. Zaren da ke yawan tsinkewa kuwa, in ba tsohon zare ne da rana ta cinye ba, a shafa yatsa a bakin ramin farantin allura da kan ƙugiyar da ke ɗauko zare. Karyayyiyar allura kan bar ƙaya a nan, a goge ta da takardar yashi mafi laushi. Karyewar allura kuma daga jan yadi take. Haƙoran keke su ke tafiyar da shi, hannu saiti kawai yake yi. Ƙafar juyawa kullum wajen mai ɗinki ake juya ta, kuma a fara kowane layi da riƙe bakin zare biyu a baya.

Ajiya ma tana da ƙa'ida. Da hunturu a rufe keke duk lokacin da aka tashi. Da damina kada a bar shi a ƙasa ko jikin bango mai danshi, a shafa ɗan mai a sassan da ke ƙyalli, a sa ƙyalle ƙarƙashin ƙafar danne yadi kada ta zauna a kan haƙora. Ko ba a aiki da shi a juya shi lokaci-lokaci.

Malam Edita, keke dukiya ce, yana cikin gado kamar sauran kaya, ba a ɗauke shi a ɓoye da sunan tunawa da mamaciya. Shawarata ga magada ita ce a kira mai gyara ya yi masa kuɗi na gaskiya, ba kuɗin ƙarfe ba, sannan wadda ta iya ɗinki ko take son koya ta karɓe shi a cikin rabonta. In kuma duk sun yarda, kuma babu haƙƙin maraya ƙarami a ciki, su bayar da shi sadaka ga bazawara ko marainiyar da za ta riƙe kanta da shi. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ambaci sadaka mai gudana da ilimi mai amfani a cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, kuma keken da ke aiki a hannun wadda aka koya wa ya haɗa biyun.

Ga waɗanda kakanninsu ke raye, ku tura yara su zauna kusa da su tun idonsu na ganin ramin allura. A ɗauki hannunsu a waya lokacin da suke yanka wuya ko sa ƙyallen hammata, domin yawancin abin da suka sani ba sa iya faɗarsa da baki, sai dai su nuna. A ajiye riga ɗaya daga ɗinkinsu, a juya cikinta a riƙa koyo a kai.

Ina kuma kira ga gwamnatoci da ƙungiyoyin da ke raba wa mata kekuna bayan horon sana'a, su ware ko mako ɗaya na koyar da sa mai, saita zare da sauya allura, su haɗa wa kowace mace kwalbar man keke da fakitin allura lamba 14 da 16. Keken da aka raba ba tare da wannan ba, matsalar farko ke tsayar da shi, daga nan sai kasuwa. Ita ma wannan jarida za ta taimaka idan ta buɗe ɗan shafi da tsofaffin maɗinka da masu gyaran keke za su riƙa amsa tambayoyin masu koyo.

Wassalam.

Daga ɗaya daga cikin jikokinta,
Kano.